JERARREN HASKE: YADDA AKE GANO ABIN DA HAZO DA DAGULALLEN RUWA SUKA ƁOYE

Duk wanda ya taɓa tsayawa da hantsi a bakin tafkin da ke ƙarƙashin magangarar ruwa ta Matsirga, kusa da Kafanchan, ya san abin da za mu faɗa. Ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro yana zubowa daga bisa ya taru a ƙasa, amma in mutum ya dubi gefen da ruwan ya kwanta, ba zai ga ƙasan tafkin ba. Abin da zai gani shi ne hoton sararin sama da na itatuwa, da wani ƙyalli mai ɗaukar ido. Duwatsu suna nan a ƙarƙashi, watakila har da kifi, sai dai ido ya kasa kai gare su. Haka kuma a farkon watan Janairu, lokacin da mutanen Kagoro suke bikin Afan, sau da yawa matafiyin da ya fito daga Kafanchan ba ya hango dutsen sosai sai ya matso kusa, alhali kuwa da kaka, bayan ruwan sama ya wanke iska, tun daga nesa ake ganinsa tar.

To, ina hasken da ya taso daga dutsen ya tafi? Yawancin mutane za su ce ya ɓace a hanya. Amsar masana kimiyya ita ce wani sashe ne kawai ya ɓace. Sauran yana isowa ido, amma wani haske dabam wanda ba mu bukata ya lulluɓe shi, kamar yadda hayaniyar kasuwa take danne muryar mai magana. In da za a sami dabarar tace wannan hasken banza a zubar, lalle abin da ya ɓuya zai bayyana. Dabarar kuwa akwai ta, kuma ita ce za mu bayyana a nan. Amma tana da iyaka, sanin iyakar nan kuma ya fi sanin dabarar kanta amfani ga masunci da direba da mai 'ya'ya ƙanana.

Mene ne jerarren haske?

A ɗaure igiya a jikin turke, a riƙe ɗaya bakin a ja da baya, sa'an nan a kaɗa hannu sama da ƙasa. Za a ga kaɗawar tana bin igiyar har turke, a tsaye. In aka kaɗa hannu dama da hagu, kaɗawar za ta tafi a kwance. Shi ma haske da irin wannan kaɗawa yake tafiya, sai dai tasa ƙarama ce ƙwarai da gaske: tsawon kaɗawa guda ta koren haske bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin 2,000 na milimita ba. Hasken rana da na fitila a cakuɗe suke zuwa, watau wata kaɗawar a tsaye, wata a kwance, wata a karkace, ko wace fuska akwai. Idan wani dalili ya sa kaɗawar duka ta koma fuska guda, to shi ne Turawa suke cewa hasken ya zama folaraiz. Na daɗe ina neman kalmar Hausa da za ta ɗauki wannan ma'ana. Na gwada «tsararren haske», sai na ga mai karatu zai zaci hasken da aka tsare ake nufi. Saboda haka na tsaya a kan «jerarren haske», domin kaɗawarsa ta jeru kamar sahu.

Yanzu a zura igiyar nan tsakanin sanduna biyu na shinge da aka kafa dab da juna. Kaɗawar tsaye za ta wuce lafiya, ta kwance kuwa a bakin shingen za ta mutu. Akwai wata irin leda mai duhu-duhu da take yi wa haske abin da shingen nan ya yi wa igiya, za mu kira ta rariyar haske. Wani Ba'amurke mai suna Edwin Land ne ya ƙirƙiro irin ta leda mai araha a ƙarshen shekarun 1920, yana saurayi, ya kuma kafa kamfanin Polaroid cikin 1937. Rariya ɗaya tana hana aƙalla rabin hasken rana wucewa, abin da ya wuce kuma ya fito a jere. Idan aka ɗora rariya ta biyu a kan ta farko, aka juya ta har suka gicciye juna, sai su yi baƙi ƙirin, domin abin da ta farko ta bari ta biyu ta tare.

Idon ɗan Adam kusan ba ya bambanta jerarren haske da cakuɗaɗɗe, shi ya sa aka daɗe ba a lura da shi ba. Cikin 1808 ne wani hafsan sojan Faransa, injiniya, mai suna Etienne Malus, ya dubi hasken rana da ya dawo daga tagogin fadar Luksambur a birnin Faris ta cikin wani dutse garai-garai da ake samowa daga ƙasar Aislan. Da ya juya dutsen sai ya ga hasken yana ƙaruwa yana raguwa. Nan ya gane cewa hasken da ya bugi abu mai santsi ya dawo, a jere yake dawowa. Wasu halittu kuwa Allah ya ba su idon da ke ganin wannan tun fil azal. Karl von Frisch ya nuna cikin 1949 cewa ƙudan zuma yana gane inda rana take, ko da gajimare ya rufe ta, ta hanyar jeruwar hasken ɗan sararin sama da ya rage a buɗe. Cikin 2003 Marie Dacke da abokan aikinta suka nuna cewa wani irin buzuzu na kudancin Afirka yana miƙe hanyarsa da dare bisa ga jeruwar hasken farin wata. Mazarin da muke gani yana ta tsoma wutsiya a kan murfin mota mai sheƙi, ruɗuwa ya yi: murfin yana mayar da haske a jere a kwance, daidai yadda ruwa yake yi, sai ya zaci kududdufi ne.

Ƙyallin bisa ruwa

Mu koma Matsirga. Hoton sama da ƙyallin da suka rufe fuskar tafkin, haske ne da bai shiga ruwan ba, bugunsa ya yi ya dawo. Irin wannan haske yawancinsa a kwance ya jeru. Hasken da ya shiga ruwa, ya taɓa dutse ko kifi ya fito, shi kuwa a cakuɗe yake. Saboda haka in mutum ya sa tabarau mai rariyar da ke barin kaɗawar tsaye kaɗai ta wuce, ƙyallin zai ragu ƙwarai, hasken da ya fito daga ƙarƙashi kuma ya sami hanya.

Ba ta kowace kusurwa abin yake yin kyau daidai ba. Cikin 1815 David Brewster, mutumin Sikotilan, ya gano kusurwar da jeruwar take cika. A kan ruwa, kusurwar ita ce digiri 53 daga tsaye. Ga yadda mai karatu zai auna wannan ba tare da kayan awo ba: in idonsa yana mita ɗaya da rabi bisa fuskar ruwa, to wurin da ƙyalli zai fi gushewa yana wajen mita 2 daga ƙafarsa. Can nesa, wajen ɗaya gaɓar, inda ido yake kallon ruwa a kwance, tabarau ba ya iya kawar da ƙyallin duka. Wannan ne dalilin da ya sa masunta a ƙasashe da yawa suke sayen irin wannan tabarau, kuma mai su da mashi ko da birgi a rafukan ƙasar Jama'a da rani, lokacin da ruwa ya kwanta ya yi garau, zai ga amfaninsa nan take.

A nan tilas mu tsaya mu yi gargaɗi, domin maganar ta shafi rai. An daɗe ana haƙar kuza a kudancin Jihar Kaduna. A wajen haƙar kuza ne ma, kusa da ƙauyen Nok, aka tono mutum-mutumin yumɓu na farko cikin 1928, wanda daga baya ya sa sunan ƙauyen ya zagaya duniya. Haƙar ta bar ramuka a wurare kamar Nok da Godogodo, kamar yadda ta bari da yawa a kan tudun Jos, kuma ruwa ya cika su sun zama kududdufai. Ramin kuza ba kamar rafi yake ba. Bakinsa kan zama a tsaye, ba gangare, ƙasansa kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Ko ruwan ya yi garau, ido yana yaudarar mai kallo, domin haske yana lanƙwasa sa'ad da ya fito daga ruwa ya shiga iska. Ruwa mai zurfin mita 4, in an leƙa shi daga bisa kai tsaye, kamar mita 3 yake bayyana, in kuwa daga gefe aka kalle shi, ya fi haka ma nuna rashin zurfi. Tabarau mai rariya ba ya gyara wannan kuskure ko kaɗan. Abin da yake yi shi ne ya nuna maka ƙasan ruwan a sarari, ƙasan da ya fi yadda kake gani nisa. Yaron da ya ga tsakuwa tar a ƙarƙashi ya fi saurin faɗawa bisa ga wanda ƙyalli ya tsorata. Wanda zai ƙetare ruwan da bai sani ba, ya riƙe doguwar sanda ya riƙa dubawa da ita, kamar yadda iyayenmu suke yi.

Hazo iri-iri ne

Maganar hazo ta fi ta ruwa wuya. Tsakanin idon matafiyi da dutsen Kagoro akwai iska mai tsawon kilomita da yawa, cike da ƙananan abubuwa masu yawo. Abubuwan nan suna yin ɓarna iri biyu. Suna kautar da wani sashe na hasken da ya taso daga dutsen, ya bi wata hanya dabam, wannan kam ya tafi ke nan. Sa'an nan suna kama hasken rana su watso shi cikin ido, shi ne farin labulen da muke gani. Gwargwadon nisan dutse, gwargwadon kaurin labule.

Hasken labulen nan yakan zo da 'yar jeruwa, musamman in rana tana gefen mai kallo, ba gabansa ko bayansa ba. Cikin 2001 wasu masana uku a Jami'ar Kolambiya ta birnin Niyu Yok, watau Yoav Schechner da Srinivasa Narasimhan da Shree Nayar, suka nuna yadda za a ci moriyar wannan. Sukan ɗauki hoton wuri ɗaya sau biyu ta cikin rariyar haske, a juya rariyar tsakanin na farko da na biyu. Dutse da gidaje kusan ba su sake ba a hotunan biyu, labulen ne ya yi kauri a ɗaya ya yi sauƙi a ɗayan. Daga wannan bambanci kwamfuta take lissafa yawan hasken labule a kowane ɗigo na hoton, ta ɗebe shi, ta kuma ƙarfafa abin da ya rage. Sai gine-ginen da suka dushe su fito. Har ma lissafin yana nuna abin da ya fi wani nisa, tun da kaurin labule ma'aunin nisa ne. A yau ba sai an juya rariya da hannu ba: cikin 2018 kamfanin Sony ya fitar da idon kyamara wanda aka shimfiɗa wa ƙananan rariyoyi masu fuska huɗu, yana ɗaukar hotunan duka a ƙyaftawa ɗaya.

Amma kada mai karatu ya zaci an sami maganin hunturu. Girman abin da ke watsa hasken shi ne ke yanke hukunci. Ƙwayoyin iska kansu sun fi kaɗawar haske ƙanƙanta nesa ba kusa ba, su ne suke ba sama launin shuɗi, kuma hasken da suke watsawa yana jeruwa sosai. Hayaƙin ƙunar daji ƙwayoyinsa ƙanana ne su ma, saboda haka labulensa yana da jeruwar da za a iya kamawa. Ƙurar hunturu kuwa, wadda iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ƙwayoyinta sun fi kaɗawar haske girma, labulenta fari ne ko ja-ja, jeruwarsa kaɗan ce. Hazon ruwa irin wanda yake sauka da asuba a kan hanyar Kagoro zuwa Manchok, ko a Hawan Kibo, ɗigonsa ya kai wajen kashi ɗaya cikin 100 na milimita. A cikin irin wannan, haske yakan bugi ɗigo, ya kauce ya bugi wani, ya sake bugun wani, sau goma ko ɗari kafin ya iso ido. Kowane bugu yana ɓata jeruwa, har ta ƙare sarai. In ta ƙare, rariya ba ta da abin da za ta tace. Kamar mai tankaɗe ne da aka ba gari wanda tsakinsa da laushinsa duk girmansu ɗaya.

Idan fitilar taka ce

Duk abin da muka faɗa a baya hasken rana ne, wanda ba mu da iko a kansa. Mai nutso da ya shiga ruwa da fitila, ko direban da ya kunna fitilar mota cikin hazo, shi ne mai hasken, kuma shi ne yake jawo wa kansa labule. Kowane direban da ya saba hanyar Jos ya san in ya kunna babbar fitila, wadda suke kira ful, cikin hazo mai kauri, sai farin bango ya tsaya a gabansa. Hasken nasa ne ɗigon ruwa suke mayar masa a ido. Dalili ke nan da ake cewa a koma dim a rage gudu.

Masana sun ga cewa mai fitila yana iya sa wa haskensa alama kafin ya aika da shi. A sa rariya a bakin fitila, hasken ya fita a jere a tsaye. Hasken da ya bugi ƙwayar laka sau ɗaya ya dawo yakan riƙe jeruwarsa. Wanda ya isa kan abu mai kaushi, kamar dutse ko itace ko tufa, yakan dawo a cakuɗe. In aka sa wa kyamara rariya ta biyu a gicciye, sai ta tare yawancin na laka, ta bar rabin na abin da ake nema ya wuce. An yi hasarar haske, amma an rabu da labule, ribar kuwa ta fi hasarar. Tun cikin 1967 wasu masana biyu a Amurka, Gilbert da Pernicka, suka gwada irin wannan a ƙarƙashin ruwa, suka yi amfani da wata jeruwa dabam wadda kaɗawarta take murɗawa kamar zaren da ake kaɗi da mazari. Daga baya aka gano cewa wannan jeruwa mai murɗawa ta fi ta miƙe jure yawan bugu idan ƙwayoyin manya ne, kamar ɗigon hazo. Saboda haka masu bincike suke sa rai da ita wajen ƙera idon motoci da jiragen ruwa.

Nawa ne ribar? Schechner ɗin nan da muka ambata, tare da Nir Karpel, sun gwada kyamara mai rariya a ƙarƙashin Bahar Maliya a farkon shekarun 2000, suka ba da labarin cewa nisan da ake iya gani ya kusa ninkawa biyu. A ruwan teku mai haske wannan babbar nasara ce. To, amma mu kawo lissafin gida. Kogin Kaduna ko na Gurara a watan Agusta, sa'ad da ya ɗauko jar ƙasar gonaki, in ka tsoma hannu har wuyan hannu ba ka ganin yatsunka. Ninkin taƙi ɗaya taƙi biyu ne. Wanda ya zo wa hukuma ko wata ƙungiya da na'urar haske yana cewa za ta nuna gawar wanda ya nutse ko motar da ta faɗa kogi da damina, a nemi ya gwada ta a cikin ruwan kafin a biya shi. A irin wannan ruwa masu ceto da hannu suke lalube, ko kuwa su yi aiki da na'urar da ke aika sauti ta saurari dawowarsa, domin laka ba ta tare sauti kamar yadda take tare haske.

Daga sama, da cikin jini

Inda dabarar ta fi yi mana aiki a ƙasar nan, yawancinmu ba mu sani ba. Daga watan Afrilu na 2006 zuwa 2023, wani tauraron ɗan Adam mai suna CALIPSO, na haɗin gwiwar Amurka da Faransa, ya yi ta zagaya duniya yana harbo jerarren hasken lesa ƙasa, yana auna abin da ya dawo. Ɗigon ruwa mulmulalle ne, yakan mayar da hasken da jeruwarsa. Ƙwayar ƙura kuwa mai kusurwoyi ce kamar tsakuwa, takan dagula jeruwar. Da wannan bambanci aka riƙa gane ko abin da ya rufe sama gajimare ne, ko hayaƙi, ko ƙura, da kuma tsayin da yake. A nan ɓacin jeruwar shi ne ya zama labarin da ake nema. Da awon tauraron nan masana suka ƙiyasta, cikin 2015, cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙura suke barin Sahara ta yamma kowace shekara, wajen tan miliyan 27 kuma suna sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka. A watan Fabrairu na 2024 an harba wani tauraron, PACE, ɗauke da na'urori biyu masu auna jeruwar haske. Irin wannan sani yana cikin abin da ke inganta hasashen ƙura a duniya, hasashen da masu jiragen sama da masu ciwon asma suke bukata kafin hazo ya sauka.

Jini ma dagulallen ruwa ne a wurin mai duba shi da madubin likita. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta ci abin da ke ciki, ta tara ragowar da ba ta iya narkarwa ta zama wasu 'yan ƙananan duwatsu masu duhu. Duwatsun nan suna da halin juya jeruwar haske. In aka sa ɗigon jini tsakanin rariya biyu da suka gicciye, ko'ina sai ya yi duhu, su kaɗai suke walƙiya kamar taurari. Lawrence da Olson sun bayyana wannan hanya cikin 1986, kuma cikin 2015 masu bincike a wata jami'a ta Jihar Teksas suka haɗa irin wannan madubi a jikin wayar hannu. Ga ƙasar da take ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya, abin a sa ido ne. Amma ƙwayar da ba ta daɗe da shiga ba, ba ta tara duwatsun da yawa ba tukuna, ƙura a kan gilashi kuma ita ma tana walƙiya. Saboda haka gwajin da aka saba yi a asibiti shi ne abin dogara har yanzu. Da irin wannan rariya biyu ne kuma masu sayen duwatsu masu daraja, irin shuɗin yaƙutun da ake samu a ƙasar Jama'a, suke rarrabe na gaske da kwalba: in ana juya yaƙutu tsakaninsu yakan yi haske ya yi duhu sau huɗu a zagaye guda, kwalba kuwa ba ta yin haka.

Tabarau a kasuwa

Ba kowane baƙin tabarau ne yake da rariya ba, ko da an manna masa takarda an rubuta haka. Gwajin ba wuya. A ɗauki guda biyu iri ɗaya, a ɗora gilashin ɗaya a kan na ɗayan, a juya guda har ya gicciye. In sun yi baƙi ƙirin, na gaske ne. In duhun bai sake ba, rini ne kawai. In guda ɗaya ke hannu, a dubi allon kwamfuta ko gilashin mota mai ƙyalli ta cikinsa, a karkata shi sannu a hankali, na gaske zai sa hasken ya ragu ya ƙaru.

Ga direba, tabarau mai rariya yana da amfani da rana, musamman bayan ruwan sama, lokacin da kwalta take ƙyalli, domin ƙyallin kwalta a kwance ya jeru kamar na tafki. Da magariba, da dare, da cikin hazo mai kauri, a cire shi. Rabin hasken da yake cinyewa a lokacin nan shi ne wanda za a ga mai keke ko saniya da shi, kuma mun riga mun ga cewa a hazo mai kauri babu jeruwar da zai tace. Matuƙan jirgin sama ma ana ba su shawara kada su sa shi, domin yana duhunta allunan na'urorinsu, yana kuma kashe ƙyallin da ke nuna musu wani jirgi daga nesa. Shi kansa Edwin Land ya yi shekaru yana roƙon masu ƙera motoci a Amurka su sa rariya a fitilu da gilashin gaba na kowace mota, don kada fitilar mai zuwa ta kashe wa direba ido. Ba su karɓa ba, domin sai an ƙara ƙarfin fitilu ƙwarai, kuma tsarin ba ya cika amfani sai motoci duka sun bi shi.

Gwaji don malaman makaranta

Malamin da yake so ɗalibansa su ga wannan da idonsu, ba ya bukatar abin da ya wuce kwalba mai faɗin baki, garai-garai, da tocila, da madara kaɗan, da tabarau ɗaya mai rariya. A cika kwalbar da ruwa mai tsabta, a rufe tagogin aji, a haska tocila ta gefe guda. Ba za a ga hanyar hasken a cikin ruwan ba sosai. A ɗiga madara ɗigo biyu ko uku a motsa. Yanzu hanyar hasken za ta bayyana, da ɗan shuɗi-shuɗi. Ɗalibi ya tsaya a gefe, yadda hasken yake wucewa daga damansa zuwa hagunsa, ya riƙe tabarau a gaban ido ɗaya yana juya shi kamar sitiyari. Zai ga hanyar hasken tana dushewa tana dawowa. A tsaya cokali a bayan hanyar hasken, a lura da lokacin da ya fi fitowa.

Sa'an nan a riƙa ƙara madara kaɗan kaɗan, ana sake juya tabarau bayan kowane ƙari, ɗalibai suna rubuta adadin ɗigon a allo. Dushewar za ta yi ta raguwa. Za a kai wani adadi inda ruwan ya zama fari fat, cokali ya ɓace, kuma duk yadda aka juya tabarau babu abin da yake sakewa. A sa ɗalibai su ja layi a ƙarƙashin wannan adadi, sa'an nan a sake gwajin da ruwan rafin garinsu, sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, su kwatanta.